Maganin da Bai San Bazarar Dutse Ba

Da wuya ka shiga unguwa a Dutse, ko Kiyawa, ko Birnin Kudu, ka rasa gidan da ke jinyar mai sikila. Kowa ya san ciwon ƙashin da ke tayar da yaro tsakar dare, da idon da ke komawa rawaya, amma ba kowa ya san ƙanƙantar abin da ke haddasa wannan azaba ba. Furotin ɗin da ke ɗaukar iskar numfashi a cikin jini, wato himogulobin, sarƙoƙi ne na ƙananan sinadarai da ake kira amino asid. Iri 20 ne jiki ke aiki da su, ana jera su kamar 'ya'yan carbi, kuma yadda aka jera su shi ke sa sarƙar ta naɗe ta ɗauki siffar da za ta yi aiki da ita. A ɗaya daga cikin sarƙoƙin himogulobin akwai 'ya'ya 146. A jikin mai sikila guda ɗaya tak aka musanya, na shida a jeri, kamar yadda Vernon Ingram ya nuna a Kambirij ta Ingila a tsakanin 1956 da 1957. Wannan musanya ce ke samar da wani ɗan wuri mai manne-manne a jikin furotin, ta yadda da zarar iska ta yi ƙaranci a jini sai su riƙa kama juna suna yin dogayen zaruruwa masu tauri, su lanƙwasa ƙwayar jinin, ita kuma ta toshe ƙananan hanyoyin jini.

Masana sun daɗe da ɗaukar darasi daga nan. Tunda canjin ɗa guda a sarƙa na iya sauya siffarta da yadda take haɗuwa da 'yan'uwanta, to mutum zai iya zama da gangan ya tsara jerin da zai yi abin da yake so. Gajerun sarƙoƙin nan, waɗanda yawanci ba su wuce 'ya'ya 50 ba, su ake kira feftayid, kuma tun da Bruce Merrifield ya fito da hanyar haɗa su ɗaya bayan ɗaya a ɗakin gwaji a 1963, ƙera su ya zama sana'a. Yau ana tsara feftayid da ke zama ruwa a kwalba ya daskare idan ya taɓa jini, da wanda ke dunƙulewa ya warware a lokacin da aka ɗibar masa. Abin da nake son kafawa a nan shi ne, wannan ilmi ba kayan ƙawar jami'o'in Turai ba ne da za mu jira sai mun ƙoshi mu waiwaye shi. Yana cikin firijin kowane asibitinmu tun tuni. Matsalar ita ce mai ƙira yana amsa tambayar da aka yi masa ne, kuma shekara da shekaru babu mai yi masa tambayar da ta fi damun Jigawa, wato ko maganin zai rayu a ɗakin da zafinsa ya haura digiri 40 a watan Afrilu.

A duba insulin na masu ciwon suga. Sarƙa biyu ce mai amino asid 51, kuma a cikin kwalba ba ta zama ɗaiɗai, sai dai shida-shida a dunƙule. Idan an yi allura sai dunƙulen ya warwatse kafin ya shiga jini, shi ya sa ake cewa mara lafiya ya yi allura ya jira kamar rabin awa kafin ya ci abinci. A 1996 aka fito da wani insulin da aka juya wa matsayin amino asid biyu da ke maƙwabtaka da juna, abin da ya rage masa son haɗuwa da ɗan'uwansa, don haka yake fara aiki cikin mintoci. A 2000 kuma aka fito da kishiyarsa, wanda ake sayarwa da sunan Lantus: an yi masa gyaran da ke sa ya narke sarai a ruwa mai ɗan tsami na cikin kwalba, amma da ya shiga ƙarƙashin fata sai ya taru wuri guda, ya riƙa narkewa a hankali har kwana ya zagayo. Gwaninta ce ta gaske, ba mai musu. Sai dai a lura da tambayoyin da aka amsa: yaya mai ciwo zai ci abinci ba tare da jira ba, yaya zai rage yawan allura. Haka maganin nan na Ozempic da duniya ke rububi a kansa, feftayid ne da aka liƙa wa jelar kitse don ya maƙale a furotin ɗin jini ya yi mako guda yana aiki. Duk tambayoyi ne na mutumin da wutarsa ba ta ɗaukewa, wanda ajiye magani a sanyi bai taɓa zama masa abin tunani ba.

Mu kuwa tamu tambayar tana ɗakin haihuwa. Zubar jini bayan haihuwa ita ce kan gaba wajen kashe masu jego a duniya, kuma wani bincike da aka wallafa a 2017 ya ƙiyasta cewa a karkarar Jigawa mata fiye da 1,000 ne ke rasuwa a cikin kowace haihuwa 100,000. Ba banza ba ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta zauna a babban asibitin Jahun tun 2008 tana karɓar haihuwar da ta zo da gardama. Allurar da ungozoma ke yi wa mace da zarar jariri ya faɗo, don mahaifa ta tsuke jini ya tsaya, ita ce oksitosin, kuma feftayid ce mai amino asid 9 kacal. Vincent du Vigneaud ya haɗa ta a ɗakin gwaji a 1953, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 1955. Shida daga cikin taran sun yi zobe, an ɗaure zoben da wata gada ta sinadarin salfa guda biyu. Wannan gada ita ce lagonta. Idan zafi ya daɗe yana dukan kwalbar sai gadar ta riƙa kwancewa tana sake ɗauruwa ba daidai ba, sarƙoƙi su kama juna bibbiyu, su zama abin da mahaifa ba ta gane shi. Abin tsoron shi ne ruwan bai canza launi, bai yin gurɓi, kwanan watan lalacewa kuma yana nan da saura. Ungozoma za ta ja allura ta yi da kyakkyawar niyya, jini ya ci gaba da zuba, ta ƙara ta biyu, ta ƙara ta uku. Ƙa'ida ita ce a ajiye shi tsakanin digiri 2 da 8. Wani bincike da aka yi tare da hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta NAFDAC, aka wallafa a 2018, ya tarar kusan kashi 74 cikin 100 na samfuran oksitosin da aka tattaro daga sassan Najeriya ba su cika ma'auni ba. Ba duka za a ɗora wa zafi ba, akwai wanda tun daga masana'anta ya fito da rauni, amma wanda ya san yadda kwali ke tafiya daga tashar jirgin ruwa ta Legas zuwa kasuwar magani ta Kano, daga can a bayan mota zuwa kantin kemis a Gwaram, ba zai wanke zafi ba.

Ga abin da ke faruwa idan aka yi wa mai ƙira tambayar da ta dace. Akwai ɗan'uwan oksitosin na haɗi mai suna kabetosin. An cire ɗaya daga cikin salfa biyun nan aka sa kabon a gurbinsa, gadar ta daina kwancewa. Aka kuma gyara kan sarƙar ta yadda sinadaran jiki masu narkar da ita ba sa samun wurin kamawa da wuri, don haka aikinsa ya fi na oksitosin daɗewa nesa ba kusa ba. Na farko da aka sayar shi ma sai da firiji, har sai da kamfanin Ferring ya sake tsara ruwan da ake narkar da shi a ciki, aka samu wanda ke jure digiri 30 har shekara 3, digiri 40 kuma har wata 6. Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada shi a kan mata kusan 30,000 a ƙasashe 10, har da Najeriya, sakamakon ya fito a 2018: wajen hana zubar jinin da ya kai rabin lita ko buƙatar ƙarin magani, ya yi kunnen doki da oksitosin, abin ya faru ga kashi 14.5 na waɗanda aka yi wa kabetosin da kashi 14.4 na waɗanda aka yi wa oksitosin. A tuna fa oksitosin ɗin da aka gwada shi da shi lafiyayye ne da bai taɓa fita daga sanyi ba, ba irin wanda ya kwana uku a kan teburin ƙaramin asibiti a Miga ba. A 2019 ya shiga jerin muhimman magunguna na Hukumar, kamfanin kuma ya yi alkawarin sayar wa asibitocin gwamnati na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi a farashi mai rangwame.

Mai suka zai ce ai wannan gudun gyara ne: a kawo wuta, a sa firiji mai sola a kowace mazaɓa, oksitosin mai araha ya wadatar. Ba na jayayya da cewa a kawo wuta. Amma sanyi sarƙa ce da ba ta yarda da tsinkewa ko sau ɗaya. Firijin sola da ke asibitin ƙauye yana kare kwalbar ne daga ranar da ta iso, ba ya dawo da abin da ta rasa a hanya. Kuma duk wanda ya zauna a Arewa a ƙarshen Oktoban 2024, lokacin da layukan da ke kawo wuta suka lalace jihohi suka yi fiye da mako cikin duhu, ya san cewa manyan ɗakunan ajiya ma a kan janareta da dizal suke rayuwa. Maganin da juriyarsa ke cikin jikinsa bai dogara da direba, ko mai gadi, ko kuɗin mai ba. Akwai kuma wani abu da ya kamata ɗan Jigawa ya fi kowa gani. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha a nan Dutse, ya ci lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya: a sa ƙarama cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, ruwan na ƙafewa yana janye zafi, gauta da tumatir su yi makonni. Tukunyar ba za ta taɓa sauka digiri 8 ba, don haka ba ta da amfani ga oksitosin. Amma a busasshiyar iskar bazara tana rage zafi sosai, kuma wannan ragin shi ne tazarar da ke tsakanin ɗakin kwano da abin da kabetosin ke jurewa. Maganin ya hauro, tukunyar ta gangaro, suna iya haɗuwa a tsakiya. Insulin ma haka: wani gwaji da MSF ta yi da Jami'ar Jeniba, bisa yanayin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, ya nuna a 2021 cewa kwalbar da aka fara amfani da ita tana riƙe ƙarfinta mako 4 a zafin da ke kai-kawo tsakanin digiri 25 da 37.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma dole a amsa ta da gaskiya. Mafi yawan matan Jigawa a gida suke haihuwa, inda babu mai yin allura ko wace iri ce. A can ƙwayar misofrostol mai tsuke mahaifa da motar da za ta kai mace asibiti, irin abin da shirin Haihuwa Lafiya na gwamnatin jiha ya sa a gaba, sun fi kowane feftayid. Sa'an nan kabetosin na rigakafi ne, ba a amince da shi a matsayin maganin jinin da ya riga ya ɓalle ba, kuma a gwajin 2018 ba a iya tabbatar da cewa ya kai oksitosin wajen hana zuba mai tsanani ta lita guda ba, saboda irin wannan zubar ta yi ƙaranci a cikin matan da aka gwada. Har ila yau babban ci gaban da aka samu a fannin nan kwanan baya ba daga sabon sinadari ya zo ba. Gwajin da aka yi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Najeriya, ya nuna a 2023 cewa shimfiɗa wata leda mai ma'auni a ƙarƙashin mai jego don a ga ainihin jinin da ya zuba, tare da ba da duk matakan magani lokaci guda, ya rage mummunan sakamako da kashi 60 cikin 100. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A ɗakin haihuwa an gano bai san ta ba. Duk na yarda da wannan. Sai dai a cikin matakan da ake bayarwa lokaci gudan nan akwai oksitosin, kuma leda za ta gaya maka jini na zuba ne kawai, ba za ta mayar da mataccen magani rayayye ba. Idan rigakafi ya koma kan abin da bai buƙatar sanyi, ɗan gurbin da ke firiji sai ya ishi oksitosin ɗin da za a yi ceto da shi.

Gaba kuma akwai abin da ke tafe. A farkon shekarun 1990 Shuguang Zhang, a jami'ar MIT ta Amurka, ya ci karo da wani jeri mai maimaita kansa a furotin ɗin yis, daga nan aka tsara feftayid mai 'ya'ya 16 da ke zama ruwa garai a sirinji, amma yana taɓa jini ya saƙa kansa ya zama raga mai kauri ta toshe inda ke tsiyaya. Likitocin tiyata a Turai da Japan suna amfani da shi da sunan PuraStat, ga ƙaramin tsiyaya, ba ga jinin haihuwa ba. Wanda ya fi kusa da manominmu shi ne aikin David Baker na Jami'ar Washinton, wanda ya raba lambar Nobel ta 2024 da Demis Hassabis da John Jumper. A Janairun 2025 ɗakin bincikensa da abokan aiki a Denmak suka wallafa cewa sun tsara ƙananan furotin a kwamfuta, waɗanda babu irinsu a halitta, masu kama gubar macizai dangin gamsheƙa su hana ta aiki. Ɓerayen da aka gwada a kansu mafi yawansu sun tsira, kuma wasu daga cikin furotin ɗin ba su warware ba sai da zafi ya haura digiri 70. Maganin saran maciji na yanzu daga jinin doki ko tunkiya ake tace shi. Wanda aka saba amfani da shi a asibitin Kaltungo ta Gombe an haɗa shi a Kosta Rika da Birtaniya, yana da tsada, yana yawan yankewa. To amma ga inda gizo ke saƙar: macijin da ya fi kashe mutane a tsakiya da arewacin Najeriya kububuwa ce, wadda dafinta ke hana jini daskarewa, kuma gubarta daban take da ta gamsheƙa. An sake amsa tambaya mai kyau, amma ba wadda ta fi mana zafi ba. Farfesa Abdulrazaq Habib na Kano ya shafe shekaru yana tara bayanan saran maciji a ƙasar nan. Irin wannan aikin ne ke sa a ji muryar mutum idan an zo zaɓen gubar da za a tunkara a gaba.

Saboda haka ba masana'antar haɗa feftayid nake nema wa Dutse ba, kuma duk ɗan siyasar da ya yi alkawarinta a tambaye shi ruwa da wutar da za ta ci. Abin da ke hannunmu ya fi haka sauƙi, ya kuma fi wuyar samu a wani wuri. Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, tana da masu nazarin sinadaran jiki da ƙananan halittu, ga Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni a gefenta. Ƙaramar na'urar da ke rubuta zafi awa-awa ba ta kai kuɗin wayar hannu mai kyau ba. A sa ta cikin kwalin magani tun daga ɗakin ajiyar jiha, ta bi shi zuwa Jahun da Buji da Kiyawa, bazara da damina da hunturu, a kuma sa wata cikin tukunyar Bah Abba a ga nawa take ragewa a watan Agusta lokacin da iska ta jiƙe. A riƙa ɗauko kwalabe daga ɗakunan haihuwa da kantunan kemis ana auna abin da ya rage a cikinsu. Na'urar auna wannan tana da tsada, gaskiya ne, amma guda ɗaya da ke da tsayayyar wuta da ma'aikacin da ake biya ta ishi jiha, kuma irin abin da aka kafa asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund dominsa ke nan. Manhajojin tsara furotin da ɗakin Baker ya fitar kuwa kyauta suke a intanet, ɗalibin da ke da kwamfuta da malamin da ya san hanya zai iya koyonsu daga Dutse. Za a ce tsarawa a allo ba gwadawa a jiki ba ce. Haka ne, amma wanda ya iya karanta siffar furotin, yana riƙe da alƙaluman zafin asibitocinsa, shi ake zama da shi a teburin haɗin gwiwa, ba a aiko masa da takarda ya sa hannu ba. Hukumar da ke sayo wa jiha magani ma, da waɗannan alƙaluma a hannu, za ta iya rubuta juriyar zafi a cikin sharuɗɗan kwangila maimakon ta tsaya a kan wa ya fi araha.

Saura maganar amana da ta ganganci. Mutanen yankin nan ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996 ba, kuma ƙauracewa rigakafin shan-inna a 2003 ta nuna tsadar da rashin yarda ke jawowa. Duk sabon magani da zai shigo, a bayyana shi da Hausa ga maigida da uwar miji da limami kafin ranar naƙuda, a kuma ce wane ne ya gwada shi, a ina. Gangancin kuwa namu ne. An san yadda ake sayen oksitosin a kemis a yi wa mace a gida wai don naƙuda ta yi sauri, abin da kan fasa mahaifa ko ya galabaitar da jariri. Kabetosin ya fi shi daɗewa a jiki, ba a iya janye shi idan ya shiga, kuma haramun ne a likitance a yi shi kafin jariri ya fito. Rashin buƙatar firiji da ya sa ya dace da ƙauye shi ne kuma zai sa ya yi sauƙin yawo a aljihu. Don haka a bi da shi ta asibitocin gwamnati kaɗai, a hannun ungozomar da aka horar, kowace kwalba da lambarta a rijista, ma'aikatar lafiya kuma ta riƙa bin kantuna tana duba ko ya ɓulla inda ba a kai shi ba.